Ranar da Jimina Ta Faɗa Kududdufi

Maigidana Bakano ne, kuma da jimina na same shi. Sauran mata in sun tare, uwar miji suke iskewa a tsakar gida. Ni tsuntsuwa na iske wadda ta fi zanan gidan tsawo, tana leƙo ni daga sama kamar ta riga ta san ba za mu shirya ba. Kuma namiji ce, ga mai son tambaya ko tana yi mana ƙwai.

Da farko ban ga laifinsa ba. A lokacin Yerwa sabon gari ce, kowa na haƙar ƙasa yana ta da bango, kuma gashin jimina kuɗi ne. Akan fige na fukafukai da na wutsiya, a ɗaure, a kai wa wani Balarabe mai rumfa a kasuwa, shi kuma ya aika hayin teku. Wai matan Nasara ke kafa shi a hula. Ban taɓa gane dalili ba, amma tunda haukarsu ce ke sa mana gero a rumbu, addu'ata kullum ita ce kada Allah ya ba su lafiya.

Sai ya ba su. Nasara suka kaure da yaƙi tsakaninsu, Balaraben ya fara cewa a dawo wata mai zuwa, gashi ya taru a ɗakinmu har asu ya samu gidan zama. A daidai nan kuma gero ya yi tsada irin wadda ban taɓa gani ba. Damina ɗaya ta yi gardama, abin da ya rage aka kwashe wa sojoji da masu ɗaukar musu kaya zuwa Kamaru. Ƙwaryar awo ta yi ta ƙanƙancewa a hannun masu sayarwa, har na tambayi wata ko da ludayi take aunawa yanzu. Da aka yi shela cewa hukuma ta yanke farashin gero, kada kowa ya wuce, geron ma ya ji shelar, washegari ko ƙwaya ba a gani a kasuwa ba.

Muna da 'ya'ya uku a lokacin. Jimina kuwa ba ta san ana yaƙi ba. Ta ci dusa, ta ci ganyen kabewata, ta haɗiye min allura biyu da zoben azurfa, ta tsaya tana jiran ƙari.

Ni 'yar Shuwa ce, a bayan shanu na tashi, kuma a wurinmu dabbar da ba ta ba da nono, ba ta haihuwa, ba ta ɗaukar kaya, sunanta nama. Haka nake gaya masa safe da yamma.

"Malam, tsuntsuwar nan tukunya take kira."

"Ki yi haƙuri. Kwanan nan yaƙin zai ƙare, gashi ya dawo da darajarsa."

"Wa ya gaya maka?"

"Labari ya zo."

Labari dai kullum yana zuwa. Kowace safiya sai ya sa rigarsa mai kyau ya tafi gindin wata tsamiya kusa da kasuwa, inda teloli da dillalai da marasa aikin yi ke zama suna raba duniya. A nan aka ci Jamus sau huɗu a wata guda, aka tuɓe Razdan, babban Nasaran gari, sau biyu, aka soke haraji sau ba adadi. Wani masinja da ke share ofishin Nasara shi ne babban malaminsu, don ya taɓa ganin taswira. Maigidana ya dawo da azahar da labari cike da baki, ni kuma in ajiye masa kunun da ana iya ganin fuska a ciki.

Amma don kada in ci amanar gaskiya, ni ma ina da tawa. Saniya ɗaya ta rage min daga gadon mahaifina, tana wurin wana a rugarsu can wajen tafki. Da an sayar da ita da mun kai kaka ba tare da kuka ba. Na rantse ba zan sayar ba muddin jimina na numfashi, don me za a ci saniyar ubana a bar tsuntsuwar banza tana yawo. Shi bai taɓa buɗe baki ya ce in sayar ba, ko sau ɗaya, kuma wannan shirun nasa ya fi faɗa ƙona min rai. Haka muka zauna, shi da jiminarsa, ni da saniyata, yara a tsakani suna lasar ƙwarya.

Ranar da abin ya faru tsakiyar damina ce, da hantsi. Mai shelar Bulama, wato mai unguwarmu, ya tsaya daidai bayan zananmu ya buga ganga don ya sanar da cewa kowane gida zai sake ba da gero na sojoji. Jimina ta firgita, ta keta zanan, ta bi ta kan mai shelar, ta zura da gudu. A ƙarshen layinmu akwai kududdufin da aka haƙa don ginin katangar Bulaman, an kwana biyu ba a yi ruwan sama ba, ruwa ya janye ya bar baƙar laka mai kama ƙafa. Nan ta faɗa, ta nutse har ƙirji.

Kafin in yafa mayafi in isa, unguwa ta riga ni. Ban taɓa sanin muna da masu tausayin dabba haka ba. Mutanen da ko gaisuwa ba ta haɗa mu da su duk suna bakin ramin suna "wayyo baiwar Allah", kuma kusan kowa da ƙwarya ko akushi a ɓoye cikin riga. Mahaucin unguwa ya riga ya zo da wuƙarsa, wai hanya ce ta biyo da shi.

Kowa ya san hukuncin. Dabba in ta mutu da kanta ta zama mushe, sai ungulu. In ana son a ci, sai a yanka tun da sauran rai. Kuma abin da aka yanka a fili, gaban jama'a, da taimakon jama'a, ba na mutum ɗaya ba ne. Ga mutanen da suka yi wata uku ba su ga nama ba, faɗuwa ta zo daidai da zama.

An yi ƙoƙarin ceto, ba zan ce ba a yi ba. An jefa igiya ta faɗa nesa. An sake jefawa ta faɗa kusa. Ƙarti goma da na sha ganin suna ɗaga bango suka kama igiya suka ja, ko motsi ba ta yi ba, suka saki suna haki suna kallon mahauci. Jimina na ta fizge-fizge, tana ƙara nutsewa, wuyanta ya fara langaɓewa.

"Shure-shure ba ya hana mutuwa," in ji mahaucin, yana gwada kaifin wuƙa a babban yatsa.

Bulama ya iso, aka shimfiɗa masa buzu, aka yi ta "Alanguburo", wato ranka ya daɗe da yaren garin. Ya dubi ramin, ya dubi maigidana, wanda aka kirawo daga gindin tsamiya yana tsaye riƙe da takalmansa.

"Wushe, Malam, wushe da wahala," ya ce, yana yi masa sannu da yarensu. "Wannan tsuntsu ba ya fita da rai. Ka ba da izini kafin ya lalace. Cinya ɗaya za mu aika wa shugabanmu Lawan, don ya san unguwarmu tana da ladabi. Kitse a kawo gidana, ƙafata tana ciwo. Waɗanda suka ja igiya kuma ba za a manta da su ba."

Na tsaya ina lissafin abin da zai rage mana, na ga bai wuce wuya da ƙafafu ba. Duk da haka, in faɗi gaskiya, raina fari ne. Shekara biyu ina roƙon wannan rana. Na matsa kusa da maigidana don in ga yadda zai yi gardama, in kuma ji wane labari zai kawo wannan karon.

Bai yi gardama ba. Ya juyo ya yi magana a hankali, yadda ni kaɗai zan ji.

"Balaraben ya tafi. Mako uku ke nan. Ya ce min kada in jira, matan can sun daina sa gashi, ko an gama yaƙin ba zai dawo ba."

"To me kake fita nema kullum da safe?"

"Ba komai, gindin tsamiya kawai. Ba na iya zama in kalli yaran."

Sannan ya ɗaga murya ya ce wa mahaucin, "Bismillah, shiga."

Na kalli fuskarsa. Mutumin nan ya bar garinsu da jaki ɗaya, abin da ya tsaya da shi a Yerwa har ake kiransa da "mai gashi" a kasuwa shi ne wannan tsuntsuwar, ga shi zai tsaya a gaban unguwa a rarraba ta ƙwarya-ƙwarya, har ya yi wa Bulama godiya a kai. Tausayinsa ya kama ni, haushin mutanen nan kuma ya fi tausayin yawa. Ni ke da ikon zagin jiminar nan, ni na share kashinta shekara tara. Wanda bai taɓa ba ta ko dusa ba ba zai ci cinyarta ina raye ba.

"Mahauci, tsaya," na ce. "Wa ya ce ba ta fita?"

Bulama ya ce wannan ba aikin mata ba ne. Na ce gaskiya ne, Alanguburo, amma na ga na mazan.

Duk 'yar makiyaya ta san yadda ake fid da saniya daga laka, kuma ba da ja daga nesa ake yi ba. Na aika aka ciro zanan da ta keta da ƙyauren ɗakinmu, aka shimfiɗa su a kan lakar. Na ɗaure zanena tamau, na bi ta kai da rarrafe, ta bayanta, don jimina gaba take harbi. Na cire mayafina na rufe mata kai. Da ta daina gani sai ta daina fizga, ta tsaya cik tana huci. Na zura hannu cikin laka har kafaɗa na zagaya igiya ta ƙarƙashin ƙirjinta, na sake zagaya wata ta bayan fukafukai, na yi ta kwashe lakar da ke riƙe da cinyoyinta da hannu. Ta gode min da kashi a gwiwar hannu.

Ban miƙa wa maza igiyar ba. Matan da suka dawo daga rijiya na kira, su bakwai ko takwas, masu jan guga kullum. Su ma suna son naman, ban ce ba sa so ba, amma ganin fuskar Bulama ya fi musu nama daɗi. Ɗaya ta ɗauko waƙar daka, suka ja tare da amshi. A ja na uku laka ta yi wata irin ƙara ta sake ta. Jimina ta hau kan ƙyauren, ta zame, ta tashi, ta tsaya a kan ƙafafunta biyu baƙa ƙirin da mayafina a ka.

Ba wanda ya yi guɗa. Ƙwaryoyi suka koma cikin riguna, aka watse ana cewa alhamdu lillahi da muryar ta'aziyya. Bulama ya naɗe buzunsa da kansa. A wannan makon gidanmu aka fara zuwa karɓar geron sojoji, aka juye rumbu aka samu ɓera. A gindin tsamiya kuwa an ce labarin ya kori na Jamus har kwana biyar, kuma kafin ya kai bakin kasuwa na zama na ɗauko jimina a kafaɗa.

Da muka koma gida na wanke ta, na wanke kaina, na zauna. Yara na zaune a bakin murhun da ba wuta. Maigidana ya shiga ɗaki ya fito da wuƙarsa ya ajiye a gabana.

"Ke kika fito da ita, taki ce yanzu. A nan cikin gida ba mai raba mu da ko tsoka ɗaya. In kin ce a yanka, yanzu zan yanka."

Abin da nake nema shekara biyu ke nan, an ajiye min shi a gaba, ba gardama. Na dubi wuƙar, na dubi jimina tana tsaye a rana tana shanya fukafukai, ta riga ta fara hango ɗankunnena. Na so in ce yanka, wallahi na so. Bakina ya ƙi. Na riga na ji bugun zuciyarta a hannuna cikin laka, kuma na san in ta tafi, gobe da safe ba shi da dalilin sa rigarsa mai kyau.

"Mayar da wuƙarka," na ce. "Ka nemo min mai zuwa wajen tafki. Ina da saƙo wurin wana."

Ya gane. Ya buɗe baki zai yi magana, na ce in ya gode min zan fasa.

Saniyar ubana ta kai mu kaka. Dangina ba su yafe min ba, har yau in ana son misalin macen da aure ya ɓata wa hankali ni ake kawowa, wadda ta sayar da saniya don ta ciyar da tsuntsu. Gashi bai sake yin daraja ba. Maigidana ya koma sayar da fatu, amma bai daina zuwa gindin tsamiya ba, kuma lokaci-lokaci yakan dawo ya ce min an ji ƙishin-ƙishin matan Nasara sun fara sha'awar huluna.

Jimina ta riga ta saba da cin abin mutane, don haka ta ci shekarunsa ma. Ya rasu ya bar ta, ta ƙara shekara shida a tsakar gidana tana haɗiye min cokula. A duk shekarun nan, kowace Litinin in na shiga kasuwa, bayan na gama faɗa da masu gero, sai in ratsa ta layin dillalai in tambaya ko an ji wani labari game da gashi. Sun san ni, sukan ce tukuna dai, Iya. In dawo gida in zuba mata dusa, in gaya mata.