Gashina a Sheƙar Tsuntsuwa

Jiya da safe na sa mataji a kaina, ya fito da gashi cike da tafin hannu. Na sake sawa, ya sake fitowa. Na zauna a bakin gado, Ummi tana barci a bayana, watanta uku ke nan a duniya. Ba wadda ta faɗo mini a rai sai Iya, kakata ta Roni.

Muna yara, bayan isha'i take tara mu gindin murhu, tana tsefe mini kai tana ba mu tatsuniya. Duk gashin da ya zuba sai ta dunƙule ta cusa a tsagar katanga. "Ba a barin gashi a ƙasa, 'yar nan. Miƙo wancan."

Wai wata yarinya ce ta yi tsifa a tsakar gida ta ƙi kwashewa. Tsuntsuwa ta ɗauka ta fara sheƙa. Da ta ji laushinsa, kullum sai ta dawo ta tsinka a kan yarinyar, har kan ya koma kamar bayan ƙwarya. Yarinya ta hau tsamiya a fusace za ta wargaza sheƙar, sai ta tarar da 'ya'yan tsuntsuwar tsirara kwance cikin gashinta.

"In ke ce, ya za ki yi?" in ji Iya.

"In kwashe abina mana."

"Ku ji mara imani. Ita dai saukowa ta yi." Sai da 'ya'yan suka yi fiffike suka tashi, sannan gashinta ya tsiro.

Ni farkon labarin kawai na riƙe. Tun da na zo Kazaure a bola nake zubar da gashina, shi ya sa jiya na ce shi ke nan, wani ya tsinta ya yi mini asiri. Na goya Ummi na nufi asibiti, ko karyawa ban yi ba.

Ma'aikaciyar ta cire mini ɗankwali tana bin kan da yatsa. Ta ce ba makero ba ne, tunda ba ya ƙaiƙayi. Gaban goshin kuwa, kitso mai tsauri ne ya cinye shi, in daina. Sauran na haihuwa ne, yakan dawo. Amma ta ɗebi jinina, ta ce in koma ranar Litinin.

Har yanzu Litinin da nisa. Ɗazu ina shayar da Ummi, ta cafki gashin da ya leƙo ta ƙasan ɗankwali ta riƙe gam. Na kai hannu zan ɓamɓare yatsunta, sai tambayar Iya ta dawo mini. Na sauke hannuna, na bar ta har ta ƙoshi.