Maginiyar Fakku da Ta Buɗe Mini Baki

Bana shekara talatin da ɗaya ke nan da rasuwar Gwaggo Kulu, yayar mahaifina, maginiyar tukwane a Fakku ta ƙasar Kebbe. Ban taɓa rubuta komai a kanta ba, addu'a nake yi mata in yi shiru. Jikata Maryam ce ta tono ni. Tana karatun kula da masu damuwar zuciya a jami'a, ta zo hutu Tambuwal tana ba ni labarin sabon ilimi. Wai yanzu in yaro ya shiga wani hali ya kasa faɗa, ba a tsare shi da tambaya, sai a ba shi yumɓu ko takarda da alli, hannunsa ya faɗi abin da bakinsa ya kasa. Wai kuma ba shi kaɗai ake dubawa ba, har da mutanen gidansu. Na bar ta ta gama tsaf, sannan na ce, "Wanga sabon ilimi naku, ni an yi man shi tun kakanki bai san hanyar kasuwa ba."

Mu tagwaye ne, Hassana da ni Usaina, kuma mu ne 'ya'yan fari. Shekarar da aka ba da mulkin kai, muna da kamar shekara bakwai, ƙyanda ta shigo unguwarmu a Tambuwal. Ta kama Hassana ta bar ni, sai aka kai ni gidan maƙwabta. Da aka dawo da ni, na tarar da tabarmarta a naɗe. Baba ya ce an kai ta Sakkwato wurin likita, za ta dawo. Ba mugunta ba ce. Tsofaffin gidanmu sun tabbata in aka gaya wa ɗan tagwaye ɗan'uwansa ya rasu, to shi ma zai bi shi. Inna kuwa kunyar 'yar fari ta ɗaure ta. Ba ta taɓa kiran sunanmu ba tun da ta haife mu, balle a ga hawayenta a kanmu.

Ni kuwa na yarda da Baba. Kullum sai in tafi bakin hanyar Sakkwato in zauna, duk motar da ta tsaya in leƙa masu saukowa. Tuwo in aka zuba mini, sai in ci rabi in rufe rabi. A hankali magana ta ɗauke mini gaba ɗaya, na rame sai idanu. Aka ce iska ce. Aka yanke shawarar kai ni wurin wani mai magani can cikin daji, wanda ke sa wa marasa lafiya mari a ƙafa yana yi musu hayaƙi. Saura kwana biyu a tafi da ni, Gwaggo ta iso cin kasuwa da tukwanenta a kan jaki. Ta dube ni, ta dubi kwanon da na rufe, ta ce wa Baba, "Nomau, ba ni ɗiyag ga wata guda. In ta ƙiya, ka kai ta inda kaka so."

A Fakku ba ta tambaye ni komai ba, ko sau ɗaya. Da safe mu je ɗibar yumɓu, mu dawo mu tattake shi da ƙafa har in yi gumi, ta dama fura ta miƙo mini, in lokacin salla ya yi ta tsayar da ni kusa da ita. Sai ta ajiye curin yumɓu a gabana, ta juya mini baya ta kama gininta. Kwana huɗu ina kallonsa, ran na biyar na sa hannu. Komai biyu nake ginawa: tulu biyu, kasko biyu, 'yar tsana biyu. Ita dai ta jera su a inuwa. Wata rana na gina mota, na sa 'yar tsana guda a ciki, ɗayar na zaunar da ita a gefe. Gwaggo ta daɗe a tsaye a kaina, sannan ta ce a hankali, "Ashe jira kika yi." Ran nan ta aika Tambuwal cewa Baba ya zo, kuma kada ya kuskura ya zo ba tare da Inna ba.

Da suka iso ta shimfiɗa musu tabarma, ta danƙa wa kowa curin yumɓu. Baba ya ce, "Haba Yaya, ni namiji in gina tukunya?" Ta ce, "Ban ce ka gina ba. Riƙe dai, hannunka ya samu abin yi." Sai ta jero kayana biyu-biyu a gabansu, ta ajiye motar a tsakiya. "Wagga ɗiya ba ta da iska. Ƙarya kunka ba ta ajiya, ta yi mata nauyi. Ku amshi abinku."

Inna ce, kanta a sunkuye, tana murza yumɓun nan har ya fito ta tsakanin yatsunta, ta ce, "Usaina." Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ran nan. "Hassana ba ta Sakkwato. Ta rasu. Bisa ƙafata tac cika." Na kurma ihun da aka ce an ji shi har bakin rijiya. Baba ya yunƙura zai rarrashe ni, Gwaggo ta riƙe masa riga. Da kukan ya lafa, na ji muryata ta fito a dishe bayan wata uku: "Inna, to wa ka cin rabonta?" Ta ce, "Ni da ke." Da yamma muka ci tuwo a kwano ɗaya, ba a rufe komai ba.

Har gobe abin yana ba ni mamaki. Matar da ba ta taɓa shiga aji ba, wa ya gaya mata cutar ba a jikina kaɗai take ba, gidan ne duka ke ciwo? Ba ta kuma taɓa cewa yumɓu na maganin komai ba. Na sha ganin ta mayar da mai farfaɗiya, ta ce wannan na asibiti ne. Da za ta leƙo yau ta ga ɗakunan da Maryam ke faɗa, da kujeru masu laushi da yumɓun kanti mai launi-launi, na san sai ta mutsutsuka shi ta taɓe baki ta ce wannan ko kasko ba zai yi ba. Amma za ta ji daɗi. Abin da zai ɓata mata rai shi ne, har yau ina jin iyaye na gaya wa yaro wanda ya rasu ya yi tafiya, su miƙa masa waya ya yi wasa don ya bar tambaya.

Gwaggo ba ta haihu ba, ba ta bar hoto ba, tukwanenta kuwa sun daɗe da komawa ƙasa. Abin da na san ta bari shi ne wannan bakin nawa. Da shi na koyar da 'ya'yan mutane har na yi ritaya, da shi nake kiran sunan Hassana a addu'a kowace safiya. Jikokina na cewa Kaka ta cika surutu, ba a gane farkon zancenta balle ƙarshensa. Ba na musu. Da Gwaggo ta makara da kwana biyu, da mari a ƙafata za a neme ni, kuma ban san ko da sun taɓa jin muryata ba. Allah Ya jiƙan Kulu, Ya sanyaya mata makwanci kamar ruwan randarta.