Ganuwar da Aka Rage wa Gaba Ashirin

Shekarar da mahara daga arewa suka kore shanun ƙauyukan da ke gabas da mu, dattawan garinmu suka yanke shawara a yi ganuwa. Garin namu ƙarami ne, tsakanin Tsanyawa da Kunci, gidaje a warwatse cikin gonaki, kowa da gandunsa a bayan danga. Ni kuwa ban daɗe da dawowa daga Birni ba, inda na zauna gaban wani malami na karanta fiƙihu da hisabi. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ina noma, in an yi rasuwa a kira ni rabon gado.

Bayan kaka dagaci ya aiko kirana. Ya ce, "Malam, ganuwa za mu yi mai kusurwa huɗu, kowane gefe daidai da ɗan'uwansa. Kowa ya taso ya shigo ciki. Gaba nawa za a ba kowane gefe?"

Na ji daɗin tambayar, ba zan ɓoye ba. Na tufka igiyar rama, na ƙulla mata ƙulli a kowace gaba, wato tsawon hannu biyu a miƙe, na bi gari gida gida ina tambayar mutum nawa, rumbu nawa, dabba nawa. Na sa filin masallaci da rijiya da hanyoyi da wurin kwanan shanu. Da na haɗa, sai ya tashi gurbi dubu takwas da ɗari uku, kowane gurbi gaba ɗaya a tsaye, gaba ɗaya a kwance.

Saura in nemo abin da malamina yake kira jazari, wato saiwa: adadin da in ka buga shi a kansa zai ba ka wannan jimla. Na share ƙasa a gindin tsamiyar ƙofar gidanmu, na ɗauki tsinke. Ɗari sau ɗari dubu goma ne, ya wuce. Casa'in sau casa'in dubu takwas da ɗari, saura ɗari biyu. Sai na ninka casa'in ɗin, domin in ka ƙara wa fili gaba ɗaya, ta gefe biyu yake ƙaruwa. Ɗari da tamanin ya shiga cikin ɗari biyu sau ɗaya. Casa'in da ɗaya ke nan. Na buga shi a kansa don in tabbatar, ya bar mini ragowar goma sha tara. Na shafe na sake, ya fito haka.

Na sami dagaci a zaure na gaya masa. Ya shafa gemu, sannan ya ce, "Ya yi yawa. Ƙasa nawa za a kwaɓa kafin damina? A bar shi saba'in. Ashirin kawai na rage maka."

Na ɗauka bai fahimta ba ne. Akwai ƙwallayen tsamiya a aljihuna, na zube su a kan tabarma, na jera tara tara har jeri tara. Na ce, "Ranka ya daɗe, kowane ƙwallo gaba goma ne, ga casa'in." Na kwashe jeri biyu ta kudu, na kwashe biyu ta gabas. "Ga saba'in. Ashirin ka rage a igiya, amma dubi abin da ya fita daga gari." Arba'in da tara suka rage a tabarma, talatin da biyu a tafin hannuna. Na ce, "Waɗannan gidajen mutane ne."

Dagacin nan ba daƙiƙi ba ne. Mutum ne da yake duban tarin dammunan dawa sau ɗaya ya faɗi yawansu. Ya dubi hannuna ya ce, "Na gani. Na kuma san gidajen su wa ne."

Ni ma sai na sani. Unguwar Barebari yake nufi, dangin mahaifiyata. Kakanninsu daga gabas suka zo tun ba a haifi uban dagacin ba, su ne masu marina da fataucin kanwa, yaransu ko yaren can ba sa ji. Amma akwai tsohuwar jayayya tsakaninsu da gidan sarauta a kan wata fadama, alƙali ya ba su gaskiya, dagaci bai manta ba.

In da nan abin ya tsaya, da zaluncinsa ne shi kaɗai. Ranar kasuwa bayan la'asar, a ƙofar masallaci, mai shela ya miƙe ya ce Malam ya buga hisabi, ya gano cewa ganuwar garin nan in ta wuce gaba saba'in ba za ta tsaya ba, kuma tsarinta zai karye. Saboda haka wasu za su yi haƙuri a waje, ba son ran dagaci ba ne.

Mutanenmu ba sa raba hisabi da duba. In an ce malami ya buga, to daga gaibu ya gano. Na ga mutane suna gyaɗa kai. Na miƙe na ce, "Ƙarya ne. Casa'in da ɗaya na ce, kuma awon ƙasa ne, babu wani tsari a ciki."

Liman ya ja bakin rigata. Ya ce, "Zauna. Ba a ƙaryata shugaba a bainar jama'a." Liman ya fi kowa sanin abin da na karanta da abin da ban karanta ba. Gidansa kuwa yana cikin saba'in ɗin.

Na fizge rigata, na durƙusa na fara jera ƙwallayen tsamiya a ƙasa ina bayani. Mutane suka riƙa kewaye ni suna wucewa. Wasu ma suka ce ga shi nan yana ƙara bugawa.

Washegari na tafi marina wajen kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya saya mini allona na farko. Na same shi yana matse turkuɗi, hannuwansa shuɗi har gwiwa. Na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba.

Na ce, "Kawu, wallahi ba haka na faɗa ba."

Ya ce, "Kai ka bi gidajenmu kana ƙirga mu?"

"Ni ne, amma don a shigar da ku."

"Igiyar da aka ja jiya aka kafa turaku, ta wa ce?"

Tawa ce. Na bar ta a zauren dagaci, suka yanke ƙulli ashirin da ɗaya suka yi awo da sauran.

Da aka fara gayya, har Barebarin aka kira. Na ga kawuna da furfurarsa yana ɗauke da kwandon ƙasa, yana gina bangon da za a rufe shi a bayansa. Ni kuma aka yanka mini fili a ciki, jikin gidan dagaci, don kowa ya ce ladana ne aka biya ni. Na ƙi karɓa. Na kwashe iyalina na koma kusa da mahaifiyata a unguwar waje. Mutanen ciki suka ce girman kai ne, na waje suka ce kunya ce ta kama ni.

Maharan sun zo da bazara, da hantsi. Kafin mu isa ƙofa an rufe ta, muna bugu ana jinmu. Muka watsu cikin fadama muka kwanta a ciyawa. Da suka tafi aka nemi ɗan kawuna na fari, wanda zai gaji marinar, ba a gan shi ba, da mata uku da suka je ɗibar ruwa. Ba wanda ya dawo a cikinsu. Dagaci ya aiko da ta'aziyya da damin gero, ya ce a yi haƙuri da ƙaddara. Kawuna ya sa aka mayar masa da geronsa.

Kafin ruwa ya sauka unguwar duka ta tashi ta yi kudu, wajen Tofa, ni ma na bi su da mahaifiyata. Kawuna ya rayu shekaru bayan haka. Yana amsa gaisuwata, ya zo sunan 'ya'yana, amma bai ƙara sa hannu a akushi ɗaya da ni ba har ya rasu. Dagacin kuwa ya tsufa a kan gadonsa, ana yabonsa cewa shi ya tsare gari.

Bara wani falke daga wajen tsohon garinmu ya sauka a zaurena, bai san ko ni wane ne ba. Muna cin tuwo yake ba ni labarin garin, ya ce ganuwarsu tana nan ko tsagewa ba ta yi ba, don wani babban malami ne ya buga mata hisabi ya ce kada ta wuce saba'in. Ya ce ganuwar Malam ma suke ce mata. Na tsame hannuna daga akushin, na ce masa ya ci gaba da cin abincinsa, na fita.