Ranar da Aka Nuna Baba a Labarai

Ranar wata Asabar ce a tsakiyar damina, shekarar da nake aji biyar na firamare a Gumel. An idar da sallar magariba, mu yaran unguwa mun cika ƙofar gidan Alhaji Sani kamar yadda muka saba, kowa ya naɗe ƙafa a kan yashi mai danshi, manya kuma suna kan dakali a bayanmu. An fito da akwatin talabijin an ɗora bisa tebur, an jona shi da batirin mota saboda tun la'asar aka ɗauke wuta. Shi kaɗai ne a layinmu, mai fari da baƙi, eriyarsa na ɗaure a kan doguwar gora. In hoto ya fara rawa sai a tashi Nasiru, ɗan gidan kuma ɗan ajinmu, ya riƙa juya gorar muna yi masa ihu har ya daidaita. Labarai ba su dame mu ba. Kullum wani ne cikin babbar riga yana yanke ƙyalle ko yana dogon jawabi, manya na gyaɗa kai. Mu talla muke jira, don muna da wasanmu: duk abin da aka nuna, wanda ya riga cewa "nawa ne" ya zama nasa. A haka na mallaki motoci uku da firiji da katifa mai taushi, alhali a kan tabarmar kaba nake kwana.

A wannan maraicen aka sako tallar wani kantin injuna na Kano da ba mu taɓa gani ba. Wani Bature ne da gajeren wando yana tura wani abu mai taya huɗu a kan ciyawa, duk inda ya bi sai wurin ya kwanta sumul kamar an yi masa aski. Mai tallar ya ce injin yankan ciyawa ne, kuma iri uku ne, kowa ya zaɓi daidai da gidansa: akwai ƙarami na turawa, akwai mai jaka a baya da ke tattara abin da ya yanka, akwai kuma wanda ake hawa kamar 'yar tarakta. A ƙarshe Baturen ya ciro jakar ya juye ciyawar a kwandon shara yana murmushi. Nan gardama ta kaure a kan dakali. Wani tsoho ya tambaya ina dabbobin gidan, wani ya ce ai suna bayan gida ba a nuna su ba ne. Alhaji Sani, da yake ma'aikacin gwamnati ne ya ga duniya, ya ce babu ko akuya, su da gangan suke shuka ciyawar, su ba ta ruwa, in ta girma su yanke su zubar. Tsohon ya yi salati ya ce lallai duniya da faɗi. Mu kuwa yara babu wanda ya ce nasa ne, don ba mu san abin da za mu yi da shi ba. Sai Nasiru ya waiwayo ya ce, "Habu, ga na babanka." Wuri ya ɗauki dariya.

Babana, Malam Ɗanladi, mai ciyawa ne. Muna da 'yar gona a hanyar Gagarawa, amma gero ba ya kai mu shekara, laujensa ne ke cike gurbin. Da asuba yake fita da jakinsa, ya dawo da hantsi jakin ya ɓace a ƙarƙashin kaya sai ƙafafu kake gani. Ya san harkiya, ya san ƙyasuwa, ya san wadda ke sa rago ƙiba da wadda ke sa shi zawo. Babbar ranarsa Alhamis ce, ranar kasuwar Maigatari, inda fatake ke tsayawa da shanu da raƙuma suna neman abin ba su. Tun Laraba yake haɗa dammunansa don a ɗora a motar farko. Ni aikina shayar da jakin da share turkensa kafin in tafi makaranta, kuma na tsani warin ɗanyar ciyawar da ke bin rigata har cikin aji. Baba mutum ne marar yawan magana, ban taɓa jin ya faɗi abin da ba haka yake ba. Ni kuwa da dariyar nan ta yi mini zafi, sai na ɗaga murya na gilla ƙarya. Na ce ai Baba ya riga ya sayi irinsa, mai jakar, daga Nijar aka shigo masa da shi, yana ajiye a wurin kawuna a Sule Tankarkar don kada yara su ɓata. Na faɗe ta da irin ƙarfin halin da ni kaina na kusa yarda.

Mako biyu ina cin moriyar ƙaryar nan. A filin makaranta yara suna zagaye ni in kwatanta musu ƙarar injin, har na koyi yinta da leɓe. Ranar Juma'a da aka raba mana langalanga don saran ciyawar harabar makaranta, sai na riƙa yi ina yatsina, ina cewa wannan duk aikin minti goma ne da namu. Sannan labari ya zo cewa manya za su zo ranar Alhamis su buɗe sababbin azuzuwa biyu, har da 'yan talabijin. Filinmu kuwa ya fi ƙarfin langalangarmu, ciyawa ta kai gwiwar babba, inda muka sara ya yi tsalli-tsalli. Nasiru, ba da mugunta ba, ya je ya gaya wa hedimasta cewa baban Habu na da inji. Ranar Talata aka kira ni ofis. Hedimasta ya ce in gaishe da mahaifina, in roƙe shi ya taimaka wa makaranta da injinsa gobe, yana so filin ya fito kamar na cikin talla. Dama ce ta faɗin gaskiya, babu kowa a ofishin sai mu biyu, amma na sunkuyar da kai na ce to.

A gida rabin saƙon na isar. Na ce hedimasta na roƙon ya zo ya yanke ciyawar makaranta. Baba ya yi murna, ya ce ya daɗe yana kallon harkiyar filin nan in ya wuce, kafin azahar zai ɗebi mai kyau ya haɗa da kayan Maigatari. Da safe muna layi a taron safe ya shigo da jakinsa, lauje a kafaɗa, igiya a hannu. Hedimasta ya taro shi da fara'a, ya leƙa bayan jakin, ya tambaye shi ina injin da Habu ya ce ya sayo daga Nijar. Baba ya juyo ya neme ni a cikin layi har ya same ni. Ba harara ya yi mini ba, kallo ne kawai, na ɗan lokaci, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai ya mayar da kansa ga hedimasta ya ce, "Allah gafarta Malam, yau dai da wannan na zo. Ku nuna mini yadda kuke son filin, in sha Allah zai gyaru kafin baƙinku su iso."

Bai yi ƙarya ba, bai kuma tona ni ba. Abin da ya ɗauka a kansa shi ne ya yi da lauje abin da aka nuna inji na yi. Mai ciyawa zaɓa yake, ya yanki mai amfani ya tsallake saura. Ranar nan kuwa Baba ya tsuguna daga kusurwar gabas ya riƙa bi taki-taki, yana yanka dab da ƙasa, har ƙarangiya da ƙaya bai bari ba. Tagar ajinmu na kallon filin. Ina ganin bayansa ya jiƙe sharkaf, ina ganin yana miƙewa ya dafa ƙugu sannan ya koma. Da aka fita hutun tara na laɓe a bayan aji don kada a gan mu tare. Da aka tashi makaranta na bi ta ƙofar baya. Ko ruwa ban kai masa ba. Sai bayan magariba ya shigo gida, tafin hannunsa duk ya faffashe, Inna ta shafa masa man kaɗe. Washegari da asuba ya koma ya ƙarasa. Motocin Maigatari suka tafi babu kayansa, kuma makon nan tuwonmu babu ko man gyaɗa a miya.

Baƙi suka zo, aka yanke ƙyalle, muka yi waƙa. Ranar Asabar aka ce za a nuna makarantarmu a labarai, ƙofar gidan Alhaji Sani ta cika fiye da kullum. Aka nuna azuzuwa, aka nuna hedimasta, sannan mai karanta labarai ya yaba da tsaftar harabar, kyamara ta bi filin a hankali. Can gefe sai ga mutum a duƙe yana ɗaure dami na ƙarshe kusa da jaki, rigarsa a yage ta kafaɗa. Yara suka ɗauki sowa, ga baban Habu, ga baban Habu, Nasiru na zungurina yana tambaya ina injin. Na ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Ba shi ba ne. Wani ne dai mai kama da shi." Ban san Alhaji Sani ya aika an kira Baba ya zo ya ga kansa ba. Bai taɓa zuwa kallo ba sai ranar. Ina waiwayawa sai ga shi tsaye a ƙarshen dakali da hularsa ta Juma'a.

Tare muka koma gida, yana gaba ina baya. Na so ya dake ni, da na samu sauƙi. Mun kusa ƙofa ya tsaya ya jira ni, ya ce, "Ashe haka bayana ya ranƙwafa? Ni ma da ƙyar na gane kaina." Ya ɗaga labulen zaure ya ba ni hanya. Bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya, ni ma ban samu bakin neman gafararsa ba. Kullum ina cewa sai na girma, sai na kama aiki, sai na yi masa wani abu da zai sa maganar ta yi sauƙin fita. Ina shekarar ƙarshe a sakandare zazzaɓi ya ɗauke shi cikin kwana huɗu.

Yau talabijin na cikin falona, babu mai fita juya eriya, 'ya'yana in talla ta zo waya suke dannawa. A ma'aikatar da nake aiki akwai injin yankan ciyawa na gaske, kuma mun ɓata zama guda muna gardamar wane iri za a saya, mai fetur ko mai caji. Wayar kowane ɗaya daga cikin yarana cike take da hotunansu, na sallah, na makaranta, har na abin da suka ci. Bara 'yar autata ta ce in nuna mata kakanta, malaminsu ya ce kowa ya kawo hoton zuriyarsa. Sai a lokacin na tsaya na lissafa: Baba bai taɓa tsayawa gaban mai hoto ba, ko na katin shaida. Na ɗauki hutu na je gidan talabijin ɗin, wani dattijo a ɗakin ajiya ya saurare ni da haƙuri, ya ce kaset-kaset ɗin wancan zamani sake ɗauka ake yi a kansu saboda ƙarancinsu, babu abin da ya rage. Na dawo na zaunar da yarinyar na kwatanta mata shi da baki, tsawonsa, da hannayensa, da yadda yake tafiya, har na gaya mata abin da na yi. Sau ɗaya tak aka ɗauki hoton mahaifina a duniya, ni kuma na ce ba shi ba ne.