Malam Datti da Buhunan Yashi a Mashigin Malali

Kafin rana ta ɗaga Malam Datti ya riga ya sauko mashigin da ke ƙasan Malali, wando naɗe zuwa gwiwa. Ba ya farawa da inji. Sai ya kwashe ruwan da ya kwana a jirgi da ƙwarya, ya shafa katako yana neman tsaga, ya tsaya ya ƙare wa kogi kallo. Sannan ya duba ko ciyawa ta naɗe farfela, ya ajiye filafili da gora kusa da shi, ya yi bismilla ya ja igiya. Tun yana tuƙi da hannu yake ƙetarar da mu, matan Unguwar Dosa da Malali masu iyaye da gonaki a hayin kogi, har Alhaji Labaran mai jirgin ya sayo inji ya ɗaura. A duk shekarun nan babu uwar da ta shiga jirginsa da goyo ta fita da zane kawai.

Bana ya ajiye tuƙi, ido ya yi rauni. Ina jin abin da ake faɗa a bakin rijiya da gidajen suna, wai tsoho ne mai baƙin ciki, ya ƙi sakar wa na baya jirgi. To, a gabana aka yi abin, da goyo a bayana, kuma ba zan yi shiru ba.

Ranar kasuwar hayi ce, damina ta yi tsakiya, kogi ya cika ya yi jawur. Muna tsaye da kayanmu sai ga Alhaji da ɗan ƙanensa Audi, direban lori a tashar Kawo.

Alhaji ya ce, "Malam, ga magajinka. Ba shi ya kwashi mutanen nan."

"Ya taɓa riƙe jirgi?"

Audi ya kwashe da dariya. "Haba Baba! Ni da ke kai lori Zariya in dawo kafin la'asar? Wannan ɗan injin ai keken ɗinki ya fi shi hayaniya."

Malam Datti ya warware igiyar tayar da inji ya cusa a aljihu. Ya ce, "Alhaji, jirgi naka ne, inji naka ne. 'Ya'yan nan kuwa ba naka ba ne. Yashi zai fara ɗauka."

"Ni za ka hana wa kayana?"

"Kore ni in ka ga dama, amma sai sun haye."

Har a cikinmu akwai masu guna-guni, kasuwa na wucewa. Ko a jikinsa. Ya ari buhunan yashi wurin masu ɗibarsa, aka jera su a jirgi, ya bi su yana dafawa ɗaya bayan ɗaya yana duban mu. "Wannan Iya Hansai mai daddawa ce. Wannan uwar Isa," ya nuna ni. Ya ɗora wani ɗan ƙarami a kan nawa. "Wannan kuma goyonta, Hasana. To direba, kai su ka dawo da su."

Malam Datti ya tayar da inji da kansa, ya zauna a gaban Audi yana karanta masa, muna ji. "Zauna, ba a tuƙi a tsaye. Jirgi ba shi da birki. In dama kake so, tura mariƙin inji hagu, gindin jirgi ne ke juyawa, ba hancinsa ba. Kada ka ba ruwa gefenka. In za ka tsaya, biyo ta ƙasa kana hawan ruwa, ka rage mai tun daga nesa."

Tafiya ta yi kyau, har Audi yana ɗago mana hannu. A dawowa ne ya biyo ta sama, ruwa na ingiza shi. Da idona na ga ƙafarsa tana dukan katako tana neman birki. Ya ja mariƙi wajen da yake son zuwa, kamar sitiyari, jirgi ya juya ya nufi dutse. Malam Datti ya tokare da gora iya ƙarfinsa, jirgi ya karkata, ƙaramin buhun nan ya gangara ya faɗa ruwa. Ko kumfa bai tashi ba.

Ni dai numfashin Hasana nake ji a gadon bayana.

Audi ya fito bai iya dubana ba. Ya durƙusa gaban Malam Datti ya ce, "Baba, gobe da yaushe?"

"Da ka idar da asuba. Ka zo da wandon da ba ka so."

Sauran daminar nan yashi Audi ya yi ta ƙetararwa, har ranar da Malam Datti ya miƙa masa igiya da hannunsa. Alhaji kuwa har yau da ƙyar yake amsa gaisuwarsa, don an musa masa a gaban mata. Daga nan maganar baƙin ciki ta samo tushe.

Malam Datti, kai ne ka zaɓi a zage ka a kan a yi mana ta'aziyya. Kai ne ka dubi mai jirgi ido da ido saboda jaririyar da ba ta haɗa komai da kai ba. Datti na bakin mashigi, mai wuyar lanƙwasa! Masu cewa ka cika taurin kai, gaskiya suka faɗa, kuma da taurin kan nan muke kwana da 'ya'yanmu. Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya saka maka da alheri.

Ku kuma da injuna suka fara shigowa hannunku, masu jirgi da masu koyarwa, ku yi irin nasa, ko da ran mai gida zai ɓaci. 'Yan'uwana mata, kafin ki sa ƙafa a jirgi ki tambayi matuƙi wa ya koya masa. In ya yi miki dariya, ɗauki ɗanki ki koma gida, kasuwa ta ci ba ke.

Jibi zan kai yara su gai da kakarsu a hayi. Audi ne zai tuƙa, kuma zan shiga.