Mai Riƙon Niyya

Bara wani likita a birnin Wad Madani, nan Sudan, ya haska idanuna ya ce, "Ya Hajja, ko sukari ko ganinki, zaɓi ɗaya." Ni da ba na shan shayi sai cokali ya kusa tsayawa a ciki! A mota ina komowa gida, ba wanda ya faɗo mini a rai sai Habboba, kakata ta wajen uwa.

A ƙauyenmu kusa da Hasahisa, daren cika-ciki na sabuwar shekara daban yake. Da an yi magariba an ci an yi nak, sai a hura wuta da karan auduga a tsakar gida. Habboba ta hau gadonta na igiya, mu jikoki mu zube a ƙasa, iska na kawo mana sanyin tur'a, magudanar da ke shayar da gonaki. Kafin tatsuniya kowa sai ya faɗi niyyarsa ta shekara, guda ɗaya tak, kuma da ƙarfi. Kawu ya ce zai yaɓe ɗakinsa kafin damina. Inna ta ce za ta riƙa tafasa ruwan sha. Mu yara kullum wankan tur'a ake sa mu rantse mun bari, saboda tsargiya. Wanda ya jero uku sai ta daka masa tsawa: "Kai, maƙaryaci! Aje biyu." Sannan ta tambaye shi, "Wa za shi riƙe maka ita?" Dole ya nuna mutum a cikin gidan.

Daga nan sai ta gyara murya. "Ku matso, ga ta nan tahe. Wanda ya yi gyangyaɗi ta wuce shi."

Wai an yi wani mutum mai son zuma kamar ransa. Ciwo ya kama shi, mai magani ya ce zumar ce za ta kai shi kushewa. Ya tafi daji ya rantse wa tsamiya ya bari. Kafin wata ya mutu ya koma lasa, tsamiya ba ta ce uffan ba. Shekara ta zagayo ya rantse wa kogi, kogi ya tafi da rantsuwar. A ta uku, ya rame ƙafa ba ta ɗaukarsa, sai ya rantse wa matarsa. Ita kuwa ta goya goran zumar a bayanta kamar jariri, da shi take daka, da shi take zuwa rijiya. In kwaɗayi ya taso masa ya miƙa hannu, sai ta ce, "Shiii, yaro na barci."

Nan muke faɗuwa da dariya, Habboba na kwaikwayon yadda yake janye hannu. Mutumin dai ya warke, har ya ga jikokinsa.

Da cika-cikin bara ya zo, na faɗi tawa niyyar ta barin sukari a gaban 'ya'yana, na nuna maigidana Malam. Wallahi na sha wuya. Na yi fushi, na yi magiya, na ce masa mugu, shi kuwa sai ya yi murmushi ya rufe gwangwanin sukarin. Ga shi yau, alhamdu lillahi, da kaina nake zura zare a allura.

Muna yara mutumin muke yi wa dariya, ba mu taɓa tunanin bayan matar ya gaji ba. Sai kwanan nan na gane, da na ɗauki kofin Malam bisa kuskure na kurɓa, na ji shayin salam, ba sukari. Mutumin da duk ƙauyen nan an san shi da shan zaƙi!

Na ce, "Malam, yaushe ka fara wannan?"

Ya ce, "Tun daren da kika nuna ni. Yo ina za ki iya, Hajja, kina jin ƙarar cokalina a kofi?"