Ranar da Manhajata ta Kori Garken Shanu

Akwai wata Lahadi a bakin iyakar Jibiya da ba za ta taɓa fita daga raina ba, ko da na tsufa na daina gane haruffa a allon kwamfuta.

Lokacin ban daɗe da gama karatun kwamfuta ba, kaina cike da iska. Kawuna ma'aikacin lafiyar dabbobi ne, shi ke yi wa shanun da za su tsallaka Nijar allurar rigakafin ciwon huhu, ya ba masu su takardar shaida. Littafin da yake rubuta aikin a ciki kuwa ya sha ruwan sama ya sha kashin shanu. Sai na ce bari in nuna masa boko. Na rubuta masa 'yar manhaja a tsohuwar kwamfutarsa, irin wadda babu hoto babu abin latsawa, baƙin allo ne kawai kana rubuta masa umarni. Babban umarnin sunansa "rigakafi", a ƙarƙashinsa da ƙanana uku: "shigar", "nema" da "buga". Wanda ya rikice sai ya rubuta "taimako", bayani ya fito masa da Hausa. A ƙarƙashin "shigar" na rubuta cewa a tambayi mai garke adadin shanunsa tukuna. Na kuma ɗaure abin tamau, in babu lamba babu takarda. Wallahi ji nake babu ya ni a duk Katsina.

Ranar gwaji, Kawu yana can cikin shinge yana haɗa allurai, ni ina rumfa da kwamfuta. Na farko a layi wani dattijon makiyayi ne daga wajen Daddara, garkensa ya cika fili. Na gaishe shi, na tambayi ƙauyensu, sannan a gaban jama'a na ɗaga murya na ce shanunsa nawa ne. Ya dube ni ya kau da kai. Ni da rashin wayo sai na maimaita, har da cewa kwamfuta ba ta karɓar aiki sai da lamba. Dattijo ya saɓa sandarsa, ya yi wa shanunsa kira, suka juya. Makiyaya biyu na bayansa su ma suka fara kaɗa nasu. Ga ciwon yana yawo a shekarar, kuma kowa ya san in suka bi ta daji babu allura za su tsallaka.

Kawu ya fito da gudu, ya tsaya kaina yana haki. "Ke ɗiyata, wa ya gaya maki ana ƙirga wa mutum dukiyarsa da baki? Tsoron baki da ido suke. Ni ƙirga alluran da na yi nake, in rubuta shiru."

Ya bi dattijon, ya yi ta ba shi haƙuri har ya samu ya zaunar da shi a gindin bishiyar bedi. Ni kuwa na buɗe manhajar. Na raba "shigar" gida biyu. "Buɗe" yana karɓar ƙauye da shaidar da ke jikin shanu kawai, "rufe" kuma sai bayan an gama, ma'aikaci ya sa yawan alluran da ya yi. Bayanin taimako ma na goge, na rubuta: "Kada ka tambayi mai shanu adadinsu. Ƙirga alluranka a zuci."

Na je na durƙusa na ba dattijon haƙuri. Ya yi ɗan murmushi ya ce, "Yarinya, injin naki ya koyi ladabi ke nan?" Kafin la'asar an yi wa garkensa allura kaf. Na miƙa masa takarda, ya ninke ta bai ko duba ba, ya tura cikin hula.

Yau shekaru sun ja, Kawu ya yi ritaya, ma'aikatan da suka zo bayansa wasu ko kauce wa ƙaho ba su iya ba da farko. Amma suna rubuta "taimako" su karanta layin nan, kuma ban ƙara jin garke ya juya ba. Abin da na koya shi ne, kafin in rubuta wa inji yadda zai yi da mutane, sai na fara zama na tambayi wanda ya daɗe yana cuɗanya da su.